Tsoho da Tukunyar Shukarsa

A shekarar 1834 Ingila ta kafa dokar tara matalauta a gidajen aiki, inda ake raba tsoho da matarsa, kowa da tufa iri ɗaya. Sai a 1847 aka yarda ma'auratan da suka haura shekara 60 su zauna tare.

A 1976 kuwa, Ellen Langer da Judith Rodin suka bayyana gwajinsu a wani gidan tsofaffi na Amurka. Wasu tsofaffin an ba su shuka su shayar da kansu, da 'yancin zaɓen daren kallon majigi. Bayan wata 18, mutuwa a cikinsu rabin ta sauran ce.

Mu da ke riƙon iyayenmu, ban da tuwo da magani, mu riƙa tambayar tsoho abin da ransa ke so.