Harajin albashi a Amurka: Abin da ke faruwa idan an sauya aiki a tsakiyar shekara

Tun daga shekarar 1943 doka ta wajabta wa ma'aikatu a Amurka su riƙa cire harajin gwamnatin tarayya daga albashin ma'aikaci kafin su biya shi, su miƙa wa hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS.

Sai dai abin da ake cirewa ƙiyasi ne kawai. Bayan shekara ta ƙare ne mutum ke cike takardun harajinsa, galibi zuwa ranar 15 ga watan Afrilu. Idan an cire fiye da ƙima a mayar masa da rarar, idan kuma kuɗin sun gaza ya cika.

Inda matsalar take

Sabon wurin aiki bai san abin da mutum ya samu a tsohon wurin ba. Yana lissafi ne tamkar albashin da yake biya shi ne na tsawon shekarar.

Alal misali, wanda ya yi wata shida a kan albashin dala dubu 60 a shekara, sannan ya koma na dala dubu 120, abin da ya samu a zahiri dala dubu 90 ne. Da yake harajin na hawa ne mataki-mataki, daga kashi 10 zuwa kashi 37 cikin ɗari, yawanci akan cire wa irin wannan ma'aikaci fiye da abin da ya hau kansa.

Amma kuɗin kan gaza idan mutum ya haɗa aiki biyu lokaci guda, ko mata da miji duk suna aiki, ko kuma an ba shi wani babban alawus, wanda galibi kashi 22 cikin ɗari ake cirewa daga ciki.

Yadda ake gyarawa

Takardar W-4, wadda aka sake wa fasali a 2020, ita ce hanyar gyara. A cikinta ma'aikaci ke nuna ko yana da wani aikin da kuma 'ya'yan da yake ɗauke da nauyinsu, ko ya nemi a ƙara abin da ake cire masa a kowane albashi. Ana iya sabunta ta a kowane lokaci.

Wanda bai cike ta ba, ana ɗaukarsa ne a matsayin marar aure.

Batun tara

Hukumar na iya cin tarar wanda harajinsa ya gaza sosai. Amma ba a cin tara idan abin da ya rage bai kai dala dubu ɗaya ba, ko an riga an biya kashi 90 cikin ɗari na harajin shekarar.

Haka kuma akwai kashi 6.2 cikin ɗari na asusun fansho na tarayya, wanda a 2025 aka cire daga dala 176,100 na farko kawai. Kowane wurin aiki daga farko yake soma ƙirga, saboda haka wanda aka cire wa fiye da ƙa'ida sai ya nemi rarar a takardun ƙarshen shekara.