Tarihin Lalurar ADHD

ADHD lalura ce da ke farawa tun ƙuruciya. Alamominta uku ne: kasa tattara hankali, yawan ƙiriniya da gaggawar aikata abu ba tunani. Bincike na 2007 ya ƙiyasta cewa tana shafar kusan kashi 5 cikin 100 na yaran duniya.

Likita Alexander Crichton na Sikotilan ya bayyana irin wannan rashin natsuwa a 1798. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yaran da basirarsu lafiya lau amma ba sa iya kame kansu. A 1937 Charles Bradley na Amurka ya lura cewa maganin Benzedrine, mai zaburar da ƙwaƙwalwa, yana kwantar da irin waɗannan yara, daga baya Ritalin ya shiga kasuwa a shekarun 1950. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya kira lalurar ADD a 1980, sannan ADHD a 1987.

Muhawara ta taso tun da wuri. A 1975 masanin zamantakewa Peter Conrad ya yi nuni da cewa ana mayar da rashin jin yara cuta domin makarantu da kamfanonin magani. Masu suka sun ƙara da cewa babu gwajin jini da ke nuna ta. Masu kare ta sun kafa hujja da binciken tagwaye, wanda ya nuna gado na da kaso sama da 70 cikin 100. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, bisa sharaɗin alamomin su daɗe, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma su cutar da rayuwar yaron.

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Makoɗa na Jihar Kano kuwa, irin wannan yaro akan ce mai rawar kai ne ko gagararre. Aikin gona da kiwo kan ɓoye matsalar, domin yaro yana yini cikin motsi. Zaman makarantar allo da na aji, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shi ke tona ta. Maganin da aka saba shi ne bulala, rubutun sha ko ruƙiyya idan ana zargin iskoki.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su ne manyan wuraren da ake duba masu irin wannan lalura a jihar. Likita kan fara tantance wasu dalilai da ke kama da ita, kamar farfaɗiya, raunin ji, yunwa da illar zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. A Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.