Mutanen Gimi da Majami'ar Wusasa

Ranar baikon godiya, kakata ba ta yarda a ɗaukar mata kaya. Da kanta take ɗora ƙwaryar dawa a ka, mu jikoki muna biye da kabewa da zakara ɗaure da tsumma a ƙafa, har gaban bagadi a majami'ar Bartalamawus ta Wusasa. In ta durƙusa kuwa, kafin ta ambaci damina sai ta ce, "Ubangiji, mun gode da ka bar iri a cikin mutanen Gimi." Na daɗe ina zaton Gimi sunan wani tsoho ne.

Ashe gari ne, kuma labarinsa ya girmi zuwan Turawa. A ƙarni na 19 an yi wani Malam Ibrahim a Kano, wanda nazarinsa ya sa ya ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman birni za su lamunta. Aka kashe shi a kasuwa, almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi. Su ne ake kira Isawa. Suka yi ta riƙon abin da ya bar musu, ɗa ya gada daga uba, babu littafi a hannu.

Ta ɗaya gefen, a 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da 'yan rakiyarsa na mishan, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller. Sarki Alu ya sallame su ba tare da jan magana ba. Suka koma Girku, ɗayansu ya rasu a can. Likita Mila, kamar yadda tsofaffinmu ke kiransa, ya samu zama a birnin Zariya a 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana ta fama da fassara. Mutum ne mai taurin kai, jami'an mulkin mallaka ma ba su ji daɗinsa ba, kuma shekaru suka shuɗe masu bi ba su cika tabarma biyu ba.

Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka neme shi har gida. Daga nan aka tara iyalansu a Gimi, aka sari daji, aka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, yana kula da su. Kakata ta ce mahaifiyarta ba ta gajiya da ba da labarin amfanin shekarun farko. Amma akwai ƙudan tsando a kurmin rafin. Ciwon barci ya shiga gari. Mutum yana cin tuwo sai gyangyaɗi ya kwashe shi, loma a hannu, bayan 'yan watanni a kai shi kushewa. Haka Gimi ta ƙare, 'yan tsirarun da suka rage, yawancinsu yara, aka kwaso su zuwa Zariya.

Waɗannan yaran na cikin waɗanda suka tare a Wusasa wajejen 1929, lokacin da mishan ta bar cikin ganuwa ta koma gindin dutse, ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. Mila bai so tashin ba, ya tafi Kano ya ci gaba da fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin ɗakin da suka gina wa Allah. Ba su kwaikwayi cocin Ingila ba. Maginan Hausa aka kira, aka kwaɓa ƙasa, aka jera tubali, aka ɗaura bakan gizo irin na soron sarakuna. Ka shiga da tsakar rana a watan Maris, sanyi ya tare ka tun daga bakin ƙofa. Ina yaro nakan manna kumatuna a bango in wa'azi ya yi tsawo, in ji ƙanshin ƙasa, har sai kakata ta mintsine ni.

Masu rubuta tarihin Wusasa sun fi son lissafa manyan da ta haifar, su Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon wanda mahaifinsa ya yi aikin bishara a nan. Ba laifi, abin alfahari ne. Ni dai ban taɓa jin kakata ta sa sunan ko ɗaya a addu'arta ba. Ita lissafinta na waɗanda suka tashi daga barci ne, da yaran da aka yi wa baftisma a shekarar, da rufin da ya kai ƙarshen damina bai yi yoyo ba.

Bara na je baikon godiya. Yanzu ambulan ya fi dami yawa, wani ma ta waya yake turawa. Amma can bayan layin zumuntar mata na hango wata tsohuwa da ƙwarya a ka, jikanta na ƙoƙarin karɓa, tana ture masa hannu.