Waiwaye Adon Tafiya: Wa Ke Da Lambatun Agege?

Duk wanda yake garin nan ran Lahadi 10 ga watan Yuli na 2011 ba sai an ba shi labari ba. Tun da sassafe sama ta ɓalle, ba ta tsagaita ba sai cikin dare. Masu awon ruwan sama suka ce abin da ya zuba a Legas a wannan yini ya haura milimita 200, wato wajen rubu'in abin da Kano kan samu a damina sukutum. Fiye da mutum 20 suka rasa rayukansu, kuma ɓangarenmu, daga Oko-Oba zuwa Dopemu har Aboru, yana cikin inda abin ya fi muni. Washegari gwamnatin Babatunde Fashola ta ce 'yan makarantun gwamnati su zauna gida.

Da ruwa ya janye, ana shanya katifu da buhunan hatsi, sai tambaya ta taso a majalisu da ƙofar masallatai: wai shin wa za a kai wa kuka? Wasu suka ce sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu suka ce fadar gwamna a Alausa, wasu ma suka ce Abuja. Kowa da gaskiyarsa, domin titunan Agege iyayengijinsu uku ne. Yadda aka yi aka zo nan kuwa, sai mun koma baya.

Goro ne ya kawo kakanninmu. Da can fatake Gwanja suke zuwa da jakuna, tafiyar watanni. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Ikko zuwa Badun aka buɗe shi a 1901, ya kuma isa Kano a 1911, manoman Agege suka duƙufa dashen irin goron nan na Gwanja, wanda har yau Yarabawa ke kira gbanja. Ga tasha, ga goro, to me ya rage? Masu gida suka buɗe masauki, dillalai da masu ɗaurin huhu da mahauta da malamai suka biyo baya, Zango ya kafu a gefen reluwe. Sai dai gidaje ne suka riga titi zuwa. Kowa ya sami fili ya ɗora ɗaki, lungu ya bi inda aka bar masa. A wancan lokaci ba a damu ba, don ruwa yana da gonakin goro da na koko inda zai bi ya nutse. Yau an shafe gonakin da siminti da kwano, ruwan kuwa bai ragu ba.

An kafa hukumar gundumar Agege a 1954, muna ƙarƙashin Jihar Yamma. A 1967 Gowon ya ƙirƙiro Jihar Legas aka sa mu ciki. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya a 1976, Legas ta tashi da guda takwas, Agege tana cikin Ikeja. Ka ga ke nan kansilan da zai yi maganar kwalbatin Zango sai ya yi gogayya da unguwar Turawa da unguwar masana'antu. Gwamna Jakande ya ƙara yawan hukumomin a jamhuriya ta biyu, sojoji suka soke a 1984. Sai a 1989, zamanin Babangida, Agege ta sami tata ta zauna daram. A 1996 Abacha ya yanke Ifako-Ijaiye daga jikinta.

To, hukuma ba ta tafiya sai da kuɗi, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Dattawanmu da suka taso a Arewa sun san En'e, mai karɓar haraji da jangali ta zuba a baitulmalinta, ta kuma fitar ta yi hanya da kasuwa. Ƙaramar hukumar zamanin mai ba haka take ba, idonta yana kan kason da ke zuwa daga asusun tarayya. Kason nan kashi 10 cikin 100 ne a farkon shekarun 1980, Babangida ya kai shi 15 a 1990, ya mayar da shi 20 a 1992, yana kuma aika shi kai tsaye. An yi murna, amma ba ta daɗe ba, saboda a 1991 an ɗora wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare. Daga baya aka koma cire shi tun daga tushe, har ta kai wasu hukumomi a ƙasar nan in wata ya ƙare sai su tashi da sifiri. Shi kasafin kuɗi gida biyu ne, akwai na albashi da gudanar da ofis, akwai na ayyuka. Na farko ba ya jira. Abin da ya rage bayan ya ci ya ƙoshi, shi ake yin titi da lambatu da shi.

Tsarin mulkin 1999 ya zo da sashe na 162, wanda ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A 2001 Legas ta haɗe harajin gidaje, wanda a da ƙaramar hukuma ke karɓa, da na ƙasa, jiha ta riƙa tarawa tana rabawa. Sa'an nan Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro sababbin hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, cikinsu har da Orile-Agege. Shugaba Obasanjo ya ce bai san zancen ba, ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas duka a 2004. A watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce ba shi da ikon riƙewa, ta kuma ce sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta sa su cikin tsarin mulki. Sauran kuɗin bai fito ba sai da Umaru 'Yar'aduwa ya hau a 2007. Manya suna rigima a kotu, damina kuwa ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Yanzu mai karatu sai ya dubi rabon aikin. Babbar hanyar Legas zuwa Abekuta ta tarayya ce. Manyan titunan cikin gari irin hanyar Iju da ta Oba Ogunji jiha ce ke yin su, haka ma manyan magudanan da ke kwashe ruwan gari. Titin unguwa da lambatun ƙofar gida, da kasuwa da tashar mota da maƙabarta, tsarin mulki ya rubuta su ƙarara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Shi ruwa bai san wannan rabo ba. Daga lambatun ƙaramar hukuma zai faɗa magudanar jiha, ya bi ta ƙarƙashin kwalbatin tarayya ko na reluwe. Ko ɗaya ya toshe, sai ya juyo ya shiga ɗakin talaka. Kwalta kuma ba abin da ta tsana kamar ruwa ya kwana a kanta. Shi ya sa za ka ga an yi faci da rani, kafin ruwan Yuli ya wuce rami ya dawo har da 'ya'yansa. Ko yawan mutanen da za a yi wa aikin ba a daidaita a kai ba: ƙidayar 2006 ta ba Agege wajen mutum 460,000, gwamnatin jiha ta ce sun haura miliyan ɗaya.

Bayan ruwan 2011 jiha ce ta fito da motocin yasa, ta kuma rushe gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Cikin lungu kuwa, aikin gayya ne da karo-karon masu gidaje ya fid da mu, matasa da shebur da baro. Babban aikin da Agege ta gani tun daga nan shi ma na jiha ne, wato gadar sama ta Pen Cinema mai tsawon kilomita 1.4, wadda Ambode ya fara a 2017, Sanwo-Olu ya buɗe ran 5 ga Maris, 2021. Wanda ya san cunkoson mahaɗar jirgin nan a da ba zai raina ta ba, ko da yake waɗanda aka rushe wa shaguna su ma suna da nasu labarin. Amma ka sauko daga gadar ka karya kwana cikin unguwa bayan an yi ruwa, za ka san inda kuɗin jiha ya tsaya.

Mu ma fa da namu. Leda da robar ruwa da ke cike lambatu ba daga Alausa aka kawo su ba. Tun zamanin Buhari da Idiagbon aka saba da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, da gwamnatin Ambode ta soke ta a 2016 wasunmu sai suka jingine tsintsiya. Abin da ya fi damuna shi ne wannan magana ta "baƙo raɓa ne" da har yanzu ake ji a bakin mutumin da aka binne kakansa a Agege. Mai shago da mai tireda da mahauci kullum suna yankar tikiti suna karɓar rasit, amma ran da ciyaman zai kai kasafin shekara gaban kansiloli, mu nawa ne ke zuwa su ji ko an sa titin unguwarsu?

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. An sha ja-in-ja kan aiwatar da shi. Mu nan kuma akwai ƙarin ƙulli, domin tsarin mulki sunan Agege kaɗai ya sani, bai san Orile-Agege ba. Kuɗi zai zo da suna ɗaya, alhali sakatariya biyu ce, ciyaman biyu, kowanne da ma'aikatansa da albashinsu, kuma sai an biya su duka kafin a zo kan siminti da rodin lambatu.