Ƙarfen Wuyan Wuƙar Barlow: Yadda Wuƙar Talaka Ta Yi Ƙarko

Duk wanda ya taɓa riƙe wuƙar aljihu mai naɗewa ya san inda take fara mutuwa: daidai wuya, wurin da ruwan wuƙar ya haɗu da ƙota. A nan ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta take, kuma a nan duk ƙarfin yanka yake taruwa. Itace ko ƙashi ba sa jure wannan matsi. Kafin ka ankara ramin ya buɗe, wuƙa ta fara lilo.

Maƙeran birnin Shefild na Ingila sun daɗe da gano maganin abin. Wuƙar da ake kira Barlow, wadda ake dangantawa da iyalan Barlow tun wajen ƙarshen ƙarni na 17, ta fita daban da dogon ƙarfe a wuyanta, wanda ke cin kusan sulusin ƙotar. Ba don ado aka yi shi ba. Tsawon nan shi ke raba nauyi, ya riƙe ƙusar gam, sai maƙeri ya samu damar yin sauran ƙotar da ƙashi mai araha, ko gogewar kirki babu.

A tsofaffin wuƙaƙen, ƙarfen wuyan da faifan da ke cikin ƙota guda ne, tare ake ƙera su. Daga baya aka koma yanka shi daban a manna, ko da dalma ko da ƙusa. Aikin ƙusar ne ya fi burgewa. Ana ɗan buɗa bakin ramin, a zura ƙusa, a yi ta dukan kanta da guduma har ta baje ta cike gurbin, sannan a goge da magagari. In ƙusar da ƙarfen wuyan iri ɗaya ne, ko alamarta ba za ka gani ba. In kuwa aka zarce da duka, wuƙa ta ƙi buɗuwa.

A Amurka kamfanin John Russell na jihar Masachusets ya yi ta ƙera Barlow, yana buga harafin R da kibiya a kan ƙarfen wuyan. Arahar ta kai har a littafin Tom Sawyer na Mark Twain, wanda ya fito a 1876, kuɗin sabuwar Barlow ɗin da aka ba yaron santi goma sha biyu da rabi ne kacal.