Biba da Tafkunan Masu Fatsa

A cikin manyan duwatsun Amurka ta Arewa akwai waɗansu ƙananan tafkuna masu ruwan sanyi, inda mutane kan tafi su yi fatsa. Ba ɗan Adam ne ya haƙa su ba. Wata dabba ce ta gina su, wadda Turawa ke kira biba. Dabbar nan kuwa saura kaɗan a ƙarar da ita saboda malafa.

Biba dangin gafiya ce da gyazbi, amma ta fi su girma ƙwarai, gama nauyinta yakan kai kilo 20. Tana da wutsiya mai faɗi kamar filafilin kwalekwale, da haƙora masu kaifi waɗanda take sarar itatuwa da su. Takan jawo rassa ta tare rafi, ta yaɓe su da laka, har ruwa ya taru ya zama tafki. Sa'an nan ta gina ɗakinta a ciki, ƙofarsa a ƙarƙashin ruwa, don kada kyarkeci ya cim mata. Wani kifin ruwan sanyi mai suna tirawut yana son irin wannan tafki, domin ƙwari suna hayayyafa a ciki, ga shi kuma da zurfin da kifi zai fake sa'ad da rafi ya janye, ko sanyi ya daskarar da bisan ruwa.

Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, biba a ƙasar ba ta kasa miliyan 60 ba. Amma a Turai an daɗe ana yin malafar manyan mutane da gashinta, har bibar Turai ta kusa ƙarewa. Saboda haka fatake suka juya zuwa Amurka. Faransawa suka kafa garin Kwibek a 1608, cinikin fata ne babban abin da ya riƙe shi. A 1670 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba Kamfanin Hudson's Bay izinin ciniki a arewacin ƙasar. 'Yan asalin ƙasar suka riƙa kawo fatu suna karɓar bindigogi da wuƙaƙe da tukwanen ƙarfe da barguna. Fatar biba ta zama kamar kuɗi, da ita ake auna tamanin kowace haja a kantunan kamfanin. Har yaƙe-yaƙe aka yi tsakanin ƙabilu a kan wuraren farautarta.

Da ta yi wuya a gabas, sai masu tarko suka nausa yamma, suka hau Duwatsun Roki. Daga 1825 zuwa 1840, kowace shekara sukan haɗu wuri ɗaya su ci kasuwar fata. Ana nan sai yayin malafar siliki ya shigo Turai, kuɗin fata ya faɗi, kasuwar ta watse. Amma ɓarna ta riga ta auku, ba a kuwa daina kafa tarko ba. Wajen 1900 akwai lardunan da ko biba ɗaya ba a gani.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da maginin ya tafi, sai madatsun suka ɓalle, ba mai gyara. Ruwan da dā yake tsayawa ya jiƙa fadamu ya koma yana wucewa a guje, yana zaizaye gaɓa. Tafkuna suka ƙafe, kifi ya rasa mafaka.

Daga nan hukumomi suka farga. Suka kafa dokokin taƙaita tarko, suka shiga kama biba daga inda ta saura suna kai ta inda ta ɓace. Mafi ban mamaki shi ne abin da aka yi a Jihar Aidaho a 1948. Dajin da za a kai su ba hanyar mota, in kuwa aka ɗora su bisa dawakai da alfadarai da yawa sukan mutu da zafi. Sai ma'aikatan hukumar kifi da namun daji suka ƙera akwatunan da ke buɗewa da kansu in sun taɓa ƙasa, suka ɗaura musu laimar sauka, suka sako biba 76 daga jirgin sama. Ɗaya tak ta mutu. Yau biba ta koma miliyoyi, ko da yake ba ta kai yawanta na dā ba.

Da tafkuna suka komo, masu fatsa suka biyo su. Irin fatsar da suke yi kuwa tsohuwa ce, ba a sa tana a ƙugiya. Wajen shekara ta 200 wani marubucin Rum mai suna Iliyanus ya ba da labarin mutanen Makidoniya, waɗanda ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Wani littafi da aka buga a Ingila a 1496 ya bayyana irin waɗannan ƙwarin ƙarya guda 12. Maharbin kifi yakan wurga ƙwaron a hankali ya sauka bisa ruwa, kifi ya taso ya cafke.

A tafkin biba ruwa kwance yake, inuwar mutum kaɗai ta isa ta kori kifi. Shi ya sa abokai biyu sukan yi karɓa-karɓa, ɗaya yana wurgawa, ɗaya ya raɓe yana nuna masa inda kifi ya motsa. Sukan yanki takardar izini, doka kuma ta ƙayyade yawan kifin da za su ɗauka, sauran su mayar ruwa da ransa. Irin dokar da ta ceci biba ita ce ke tsaron kifin da ke tafkinta.