Goro, Shanu da Wazifa: Sake Duba Hujjar Cohen kan Hausawan Sabo

Cewa Hausanci abu ne da mutum kan shiga, ba jini kaɗai ke ba da shi ba, magana ce da masana tarihi suka daɗe da kammalawa. Mahdi Adamu (1978) ya nuna haka a zangunan Afirka ta Yamma, Lovejoy (1980) kuma ya bi sawun Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda fataucin goro ya mayar Hausawa alhali kakanninsu daga wasu wurare suka zo. Ba ni da ja a kan wannan. Inda nake da ja shi ne matakin da Abner Cohen ya ƙara a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, matakin da har yau ɗalibanmu ke maimaitawa a kundayen bincikensu ba tare da sun auna shi ba.

Hujjarsa a taƙaice ita ce. An kafa Sabo a 1916, Hausawanta suka riƙe cinikin shanu daga Arewa da na goro daga Kudu. Kasuwa ce da ba ta jira: saniya ba ta daɗewa a ƙasar kurmi saboda ƙudan tsando, goro kuma yana lalacewa, ga shi mahautan Yarabawa bashi suke ɗauka. Don haka komai ya rataya a wuyan maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni. Muddin Turawa na mara wa Sarkin Sabo baya, wannan tsari yana da katanga. Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai katangar ta fara zubewa, sai mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya gungu-gungu, kuma a 1952 suka daina bin Juma'a a babban masallacin gari, suka tsayar da tasu. A ganin Cohen, ɗariƙa ta maye gurbin sarauta wajen tsare kasuwa.

Rabin farko na wannan bayani yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ina ganin babu wanda ya kai shi fayyace yadda neman abinci ke sassaƙa mutum. Yaron da ya sauka Sabo ba ya zaɓar inda zai kwana, ko wanda zai gaisar da safe, ko ma gidan da zai nemi aure. Maigidansa ne ƙofar duk waɗannan. Shigarsa da harshensa da sahun da yake tsayawa a masallaci su ne shaidar da ake duba kafin a damƙa masa garke.

Rabi na biyu ne, a ganina, ya wuce inda shaida ta tsaya. Failar Shehu Ibrahim Inyass, wato reshen Tijjaniyyar da mutanen Sabo suka shiga, ba a Ibadan ta tsiro ba. Daga Kaulaha ta taso, ta sami gindin zama a Kano bayan haɗuwar Shehun da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, kuma Paden (1973) ya nuna yadda ta mamaye malamai da 'yan kasuwar birnin. To, wane Bayarabe ne Bakano ke tsare wa kasuwa a Ƙoƙi ko Sanka? Idan abu ɗaya ya bazu a lokaci ɗaya a inda ake gasa da wata ƙabila da inda ba a yi, da wuya a ce gasar ce ta haife shi. Ƙari a kan haka, Yarabawa ma sun karɓi wannan ɗariƙa, kuma katangar da maƙwabci ke iya shigowa cikinta ba ta cika aikin katanga ba.

Mai kare Cohen zai ce shi bai yi da'awar sanin zuciyar kowa ba, aikin da ɗariƙa ta yi wa unguwa yake bayyanawa, ko masu yin sun sani ko ba su sani ba. Wannan amsa tana da nauyi, kuma dole in rage faɗin maganata saboda ita. Ba zan iya musun cewa raba Juma'a ya yi wa masu gidaje amfani ba, haka kuma zaman wazifa kullum da yamma ya ƙulla mutanen da gobe za su ba juna bashi. Amma amfanin abu daban, dalilinsa daban. Abin da shaidar Sabo ta tabbatar shi ne guguwar addini da ta taso daga nesa ta iske unguwa cikin damuwa, unguwar ta karɓe ta, ta kuma sarrafa ta gwargwadon buƙatarta.

Wannan bambanci ya dame ni ne saboda mutanen da ake magana a kansu. Dillalin da ya karɓi wuridi a hannun muƙaddami, ya koma yin ƙabalu a salla alhali ubansa da sadalu ya rasu, ya ɗauki nauyin da zai iya raba shi da danginsa na gida. Binciken da zai yi masa adalci sai ya bi silsilar muƙaddaman Sabo zuwa zawiyoyin Kano, kamar yadda Cohen ya bi hanyar shanu da goro.